Baƙuwar da Ta Tsuguna Kan Tauraro

Mama Yakoba ba ta san matar ba. Ga ta tsaye gaban tarin dankalinta a kasuwar Wamena da ke Papua, siririya, da lulluɓi ruwan ƙasa, takalminta duk taɓo. Daga gani baƙuwa ce, irin waɗanda jirgi ke kawowa daga wasu tsibiran. Wataƙila matar malamin makaranta ce, wataƙila kuma matar soja. Ga shi kuma idon matar ba ya kan dankali. Yana kan jakar da Yakoba ke saƙawa, wadda ta zamo daga ƙarƙashin buhu: jan zare, farin tauraro, layukan shuɗi. Tutar 'yancin Papua ce, wadda ake ɗaure mutum a kanta.

Ga sojoji biyu suna tahowa ta layin masu kabeji. Yakoba ba ta da sauran lokacin ɓoye jakar.

Sai matar ta tsuguna, ta baza siket ɗinta ya rufe jakar ruf, ta ɗauki dankali ɗaya tana jujjuyawa.

"Haba Mama, wannan ai duk ƙwari sun cinye! Ni za ki cuta?"

Muryarta a sama take. Sojojin suka wuce suna dariya.

Matar ba ta miƙe ba. Ƙasa-ƙasa, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, "Mama, ɗan riƙe ni. Ƙafafuna sun ƙi ɗaukata."