Jikar da muka je ɗaukowa a Maamobi

Mun tashi daga Kumasi ana idar da sallar asuba, ni da mahaifiyata. Kuɗin mota ya ƙaru, wurin zama bai ƙaru ba. A Nkawkaw muka sayi burodi mai zafi, ta ƙi ci. Niyyarta ɗaya ce: ta ɗauko Nafisa, ɗiyar yayana, mai shekara shida da har yanzu ba ta hira da kowa. A ganinta uwar ce ta rikita mata harshe da Hausa da Twi da Turanci.

Da azahar trotro, wato ƙaramin bas na haya, ya sauke mu a unguwar Maamobi cikin babban birni, muka bi lungu muna tsallake kwata. Matar yayana ta tarbe mu da waakye, wato shinkafa da wake, da shito, yajinsu mai sa hawaye. Nafisa ba ta dube mu ba. Can ta tsaya bakin ƙofa ta ɗaga murya kamar yaron mota mai kiran fasinjan unguwar Madina: "Madina, Madina!"

"Kun ji ko?" in ji mahaifiyata.

"Hajiya, fita take so," in ji uwar a hankali. "In ƙishirwa ce, kiran mai tallan ruwa za ta yi."

Washegari muka raka su wurin wata ma'aikaciyar lafiya mai koyar da magana. Ta ce galahanga ce, wadda suke kira otizim. Harshen Nafisa lafiya lau, kunnenta ma haka. Ƙwaƙwalwarta ce ke ɗaukar magana a dunƙule, jimla guda da muryar mai ita, ta adana, sai ta ciro lokacin bukata. Yawan harsuna bai jawo ba, kuma ba laifin kowa ba ne.

"Za ta yi magana irin tamu?" mahaifiyata ta tambaya.

"Ban yi miki alkawari ba, Hajiya," in ji ma'aikaciyar, ta nuna uwar. "Amma ga wadda ta fi kowa fahimtarta."

Surukar tamu ta rufe fuska da mayafi ta yi ta kuka. Shekara uku tana shan zargi a tsakar gidan haya.

Kwana huɗu muka yi, muka dawo mu biyu. Na koyi cewa rashin hira ba rashin abin faɗa ba ne. Muna isa gida maƙwabciya ta leƙo ta ce ina jika? Mahaifiyata ta ajiye jaka ta ce, "Tana wurin malamarta, uwarta. Ni ce zan koma ɗaukar karatu."