Muryar Linval a Ƙarshen Faifai

Icilda Gayle mai suyar kifi ce a bakin kasuwa a Kingston. Mace ce mai riƙo da coci, duk unguwa an san ba a kunna kiɗan rawa a gidanta. Ɗanta tilo Linval kuwa tun yana yaro bakinsa ba ya hutawa da waƙa. Ya girma ya zama makanikin babur, amma zuciyarsa tana wurin waƙa.

Wata shekara wani mai haɗa sauti ya fito da sabon ridim, kiɗa guda da mawaƙa da yawa za su hau, kowa da baitocinsa, a tara su a faifai ɗaya. Aka ba Linval gurbi can ƙarshe, bayan manya. Ya zo wurin uwar yana ta washe baki, ita kuwa ko kai ba ta ɗago daga kasko ba.

"Mama, ki dai saurara ko sau ɗaya ne."

"Ranar da ka rera ta yabon Ubangiji, ka kira ni."

Kafin faifan ya fito an binne Linval. Babbar mota ce ta banke shi yana gwada babur ɗin da ya gyara.

Sai kiɗan ya kama gari. Tasi, bas, shagon aski, ko'ina shi ne. Da Icilda ta ji bugun farko sai hannunta ya tsaya cak tana jiran muryar ɗanta, sai wani ƙato dabam ya shigo. A rediyo ma sukan taɓa waƙar wannan su tsallaka ta wancan, kafin a kai tasa an shiga talla. Kifinta ya sha ƙonewa, masu saye suka riƙa ɗauke kai kamar ba su gani ba.

Ran nan da rana tsaka ta tsallaka titi wurin Everald mai sayar da faifai, mutumin da ta sha yi wa faɗa kan ƙarar lasifikarsa. Ya fara zolayarta wai ko yau 'yar coci rawa ta zo yi, da ya dubi fuskarta sai ya bar zolayar.

Ta ce, "Sa mini ta ƙarshe, ta ɗana."

Waƙar a kan wata budurwa ce mai yanga, har da kalmomin da da yana raye sai ta ja kunnensa. A tsakiya Linval ya yi tuntuɓen baki ya sheƙe da dariya, ba a goge ba. Icilda ta zauna a kan kwandon wata mai doya, ta rufe fuska da zanin aikinta. Everald ya maimaita mata ba tare da ta roƙa ba.

Bayan 'yan watanni wani ridim ya shigo, gari ya manta da wancan. Hakan ya fi yi mata ciwo. Har yau idan kasuwa ta lafa takan naɗe kifi mai zafi a takarda ta tsallaka titi, Everald ya sa mata waƙar Linval, ya rage ƙara, su zauna su biyu.