Ƙadangarun Kan Katanga

Kwana uku takardar Kawu Modu ta yi a jakata, na kasa karanta ta a waya, na kasa mayar masa. Zaɓe ya matso, ya ce muryata mai sanyi ce, mata za su saurara. Saƙon gajere ne: wai idan ɗan takarar ɗaya ɓangaren ya ci, zai tashi masu tuya a bakin titin unguwarmu, ya ba 'yan garinsu wurin. Da zarar na tura, akwai wayoyin da aka tanada su amsa da "Gaskiya ne." Kawu shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, ban taɓa ce masa a'a ba. Duk inda na zauna sai in miƙe, Kaka Falmata kawai ke faɗo mini a rai.

A gidanmu na Dogo Nini, bayan magariba take soya gyaɗar sayarwa a cikin yashi, mu kewaye murhun, ƙugin tireloli na zuwa daga titi. Hausarta ta Barno ce, har yayyena maza "ke" take ce musu. Tana juya gyaɗa tana juya labari.

Wai kura ce ta so awaki, amma kare na kwana a ƙofar garke. Sai ta tara ƙadangaru a kan katanga, ta jira hantsi, ta tsaya daga nesa ta ce karen nan shi ke cinye 'ya'yan awaki. Ƙadangaru suka gyaɗa kai, don su ko ganye ne ya faɗo gyaɗa kai suke yi. Kura ta ce, ga shaidu nan fal katanga. Gobe ta maimaita, jibi ma haka. Ba a rasa ɗan akuya ko ɗaya ba, amma a kwana na bakwai uwar garke ta ce ita dama ta daɗe tana ganin wani abu a idon karen. Suka kore shi da ƙaho.

Nan Kaka ta tsayar da ludayi, ta dube mu. "Amma fa karen ma ba shi da gaskiya, ko?"

Duk muka gyaɗa kai, har da ni da hawayen tausayinsa bai bushe mini ba.

Ta yi dariya har da tari. "Ga ƙadangaruna! Wa ya ga jini a bakinsa? Ke, kin gani?"

Ranar ba wanda ta ba gyaɗa ko ƙwaya. Na yi fushi, na ɗauka rowa ce.

Jiya na durƙusa gaban Kawu na ajiye takardar. Na tambaye shi a hankali wa ya ji mutumin ya faɗi haka. Ya ce ai kowa ya sani. Na ce, "Kawu, a cikin kowan, wa ya ji da kunnensa?" Ya ninke takardar, bai dube ni ba, yau ma bai amsa gaisuwata ba.

Da safen nan saƙon ya shigo wayata da muryar wata, mai daɗi kuwa. Ƙarƙashinsa "Gaskiya ne" sun jeru kamar a kan katanga. Inna Hauwa mai ƙosai ta tare ni da tata wayar, ta ce ni da na yi boko in gaya mata, da gaske za a tashe su? Na ji kaina na neman gyaɗawa. Na riƙe wuyana, na ce, "Inna, ban gani ba."