Tabarmar Ladi

Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ina tsince shinkafa a kicin ɗinmu na Orozo na dinga jin wannan 'yar ƙara daga falo. Da na leƙa, sai na ga 'yata Rukayya tana ɗaukar hoton tsohon littafin marigayi Babana da waya, shafi bayan shafi. Ta ce aikin jami'a ne: za ta zuba shi a kwamfuta, wata manhaja ta ƙirga kalmominsa, ta nuna wanda aka fi ambata a labarin.

Littafin nan ko bango ba shi da shi, amma na san shi tun kafin in iya karatu. Kakata Iya ba ta yi boko ba. Sau ɗaya Baba ya karanta mata shi, wata damina a Bwari, ta riƙe. Bayan sallar magariba mukan kewaye murhu, tana juya masara a garwashi, tana ba mu labarin telan da ya shiga jirgin ƙasa neman ƙanensa da ya ɓata. Zazzaɓi ya kayar da shi a wata tasha. Ladi mai sayar da rogo, wadda ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, ta shimfiɗa masa tabarmarta, ta yi jinyarsa har ya miƙe. A nan Iya takan dakata ta nuna mu da sandar wuta: "Ku riƙe sunan matar nan, ja'irai. Shi telan ko kun manta shi, ba komai."

Haka ni ma na ba 'ya'yana. Shi ya sa da Rukayya ta gama, na ce ta nemo mini Ladi.

Babu. Sunaye suka fito a allo, wasu manya, wasu ƙanana, nata ko ɗigo. Ashe shekara da shekaru ina jingina wa littafi abin da bai faɗa ba? Ko ni ce na ƙaga, na ɗora wa Iya tana kabarinta? Na yi ta istigfari a zuci.

Rukayya ta tambaye ni me matar ta ba telan, na ce tabarma. Ta rubuta kalmar. Layi ɗaya tak ya fito: wata mata ta ara masa tabarma, ya kwanta.

Na daɗe ina kallon layin nan. Marubucin ya wuce ta kamar yadda muke wuce masu talla a bakin titi, ba ma ko tambayar sunansu. Iya ce ta tsaya. Ita ta raɗa mata suna, ta ɗora mata tiren rogo, ta sa muka ƙaunace ta. Da nake yarinya na ɗauka tausayin baƙo take koya mana. Sai yanzu na gane tana koya mana ganin mutumin da ba a ƙirga shi ne.

Rukayya ta buɗe sabon shafi, ta turo mini kujera.

"Umma, bar shinkafar nan. Zauna ki ba ni na Iya, tun daga tashar jirgin."