Bu Warsiti da Littafin Farfesa

Shekara ashirin da biyu Bu Warsiti, wato Uwargida Warsiti, ta yi tana riƙe da zauren wasa na bayan kasuwa. Ita ke raba wa 'yan ketoprak, wasan kwaikwayon gargajiya na tsibirin Jawa, abin da kowa zai fito a matsayinsa, ita ke sanin wanda matarsa ta haihu da wanda haƙori ya hana shi cin abinci, ita ke hawa tsani ta liƙe kwano idan damina ta kama. Rana ɗaya sai ga takarda daga ofishin al'adu: nan da shekara uku, duk mai shugabantar zauren gwamnati sai ya mallaki digiri na biyu a fannin tafiyar da harkokin fasaha. Wanda ba shi da shi, a kawo wani. Kowa a garin nan ya san abin da wanin ke yi da zaure. Ya kwashe kayan kiɗa ya tura sito, ya shiga ba da haya ga masu biki.

A tsaye ta karanta takardar a madafar bayan dandamali, ta ninke ta huɗu, ta sauke tukunyar shayi da ita. Shekarunta hamsin da uku a lokacin.

Digirin farko tana da shi, na koyarwa, wanda ba ta taɓa shiga aji da shi ba, sai da ta zazzage akwati biyu kafin ta gano shi, gara ta ci masa gefe. Fom ɗin jami'ar birni ya ce ta jera ayyukan da ta taɓa gudanarwa, ya bar mata layi biyar. Wasa fiye da dubu, layi biyar! Jarrabawar Turanci ta kayar da ita sau biyu, matar da ko zagi da harshen Jawa take yinsa. A na uku ta sha da ƙyar. Ranar ganawa wani malami da bai kai ɗanta na fari ba ya gyara gilashi ya ce, "Bu, me ya ja ra'ayinki zuwa wannan fanni?"

Ta kira shi yadda ake kiran samari: "Ba ra'ayina aka ja ba, Mas, wuyana aka ja."

Suka yi dariya, suka ɗauke ta. Ita kuwa ba da wasa ta faɗa ba.

Litinin zuwa Laraba tana kan babur, awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa. 'Yan ajinsu suna kiranta Bude, wato babbar gwaggo, suna ba ta kujerar kusa da fanka, suna nuna mata inda ake dannawa a kwamfuta da irin muryar da ake lallashin mara lafiya. Ba za a ce ba ta ƙaru ba, don a can ta koyi rubuta wasiƙar neman tallafi da ta samo wa zaure sababbin fitilu. Amma ta zauna wata huɗu cur tana jin wani yana bayanin yadda ake jan 'yan kallo, shi da bai taɓa tsayawa bakin ƙofa cikin ruwan sama yana yaga tikiti ba.

To ga yadda take tafiyar da zaurenta, wanda duk ɗan garin nan ya sani. Ba ta taron jama'a. Ba ta taɓa yi ba, kuma da dalili. Ginshiƙan wasan mutum biyu ne: Pak (wato Malam) Tukijan, mai fitowa a sarki, da Pak Ngadiyo, mai ganga, wanda masu kiɗan gargajiya na gamelan su tara duk almajiransa ne a sana'a. Shekara goma sha tara ke nan ba sa magana, tun ranar da Ngadiyo ya buga kiɗan fita alhali Tukijan na tsakiyar jawabi, 'yan kallo suka yi ta dariya. A kan dandamali kamar uwa ɗaya ta haife su. A bayansa ko tari ɗaya ba ya yi a inda ɗayan yake. Saboda haka kowa shi kaɗai yake shigowa madafa, ta zuba masa shayi mai zaƙi, ta ji nasa, ta faɗa masa nata. Duk Yu suke kiranta, wato yaya. Tukijan zai ce, "Yu, gaya wa wancan kurman ya daina buga ganga kamar mai korar tsuntsaye a gona." Ita kuma ta je ta ce, "Pak Tukijan na gaishe ka, ya ce kiɗan jiya ya ratsa shi, da dai za a ɗan sassauta a fitowa ta biyu." A haka wasan ya rayu.

A zango na biyu aka ba su littafin Farfesa Suwondo, wanda duk sashen ke rantsuwa da shi. Ta buɗe babi na shida, ta ga hoton ƙofar zaurenta. Ta karanta cewa wannan zaure abin koyi ne, domin duk kwana talatin da biyar 'yan wasa da makaɗa suna zama da'ira su yanke kowace shawara tare, bisa ga shaidar "mai ba da bayani ta uku". Sai da ta maimaita layin kafin ta tuno shi. Shekara goma sha biyu da suka wuce wani baƙo ya zo da 'yar rikoda, ya kwana biyu a garin, ta zuba masa shinkafa da soyayyen tempe, wato wainar waken soya. Da lomar a bakinsa ya ce, "Na tabbata da shawara kuke komai, ko, Bu? Irin ta iyaye da kakanni?" Ta ce haka ne, Pak. "Duk kwana talatin da biyar, ko?" Ta ce haka ne. Wa ke ƙaryata baƙo yana cin abinci a gidansa? Ta ɗauka ladabi ta yi masa ya tafi. Ashe da ladabin nan mutum ya zama farfesa.

Da lokacin rubuta kundi ya yi, Farfesa Suwondon aka ba ta ya duba aikinta, tunda shi ne masanin zaurenta. Ta zauna ta rubuta gaskiya: madafa, shayi, mutum ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa jin daɗin wani aiki a jami'ar ba kamar babi na huɗun nan.

Ya kira ta ofishinsa da hantsi. Bai ma gane ta ba.

"Bu, aikinki ya saɓa wa abin da bincike ya tabbatar. Ina madogararki?"

"Ni ce madogarar, Pak. Ni ce ta ukun nan da ke cikin littafinku."

Ya dube ta, ya yi murmushi, ko gezau. "To ai kin ga, da bakinki kika faɗa. Yana nan a kaset."

"Na faɗa ne don kuna cin shinkafata, Pak. Da kun ce da tsakar rana muke ganin taurari, da na ce haka ne. Wallahi ba mu taɓa yin taron nan ba ko sau ɗaya."

"Abin da aka naɗa a fagen bincike shi ne hujja, Bu. Abin da kike faɗa yanzu ra'ayi ne." Ya tura mata kundin da yatsa biyu. "An buga littafin nan sau uku. Ki gyara babi na huɗu. In kuma ba ki gamsu ba, kina iya neman wani malamin a baɗi."

Baɗi wa'adin ofishin al'adu zai cika, kuma ya san haka, don ita ta gaya masa tun ranar farko.

Ta fito ranta kamar ya fashe. A bakin titi ta tsayar da babur ta zazzaga wa farfesan zagi, shi da kaset ɗinsa da kujerarsa mai juyawa, ba mai ji sai wata mai sayar da kwakwa. Amma abin da ya fi ƙona ta shi ne ta san me za ta yi. Ta tuna kayan kiɗa a sito, ta tuna mutum talatin da ɗaya da ba su da inda za su. Cikin mako biyu ta rubuta sabon babi na huɗu, ta ƙirƙiro taro da da'irarsa, ta kafa hujja da Suwondo sau goma sha ɗaya. Ranar kare kundi aka yaba mata da zurfin fahimta. Ta sa hula da riga, aka ɗauki hoto, ta kai takardar ofishin al'adu saura wata biyu wa'adi ya cika.

Jami'in ofishin mutum ne mai himma, kuma abin takaici, yana karatu. Ya karanta kundin daga farko har ƙarshe. Ya kira ta yana ta murna, ya ce tunda shugabar zaure da kanta ta tabbatar da tsarin, zai zo taro na gaba tare da shugabannin wasu zauruka huɗu su koya. Ta ce Pak Ngadiyo ba ya jin daɗi kwanan nan. Ya ce za su jira ya warke. Ta ce damina. Ya ce ai akwai rufi.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a kan dandamali. Ta zaunar da su biyun nesa da juna, da manyan mata a tsakani, amma da'ira ce, duk inda ka zauna kana kallon wani. Jami'in ya ce kowa ya faɗi abin da yake ganin a gyara, a fara da babba.

Tukijan ya gyara zama irin na sarakunan da yake fitowa. "Abu ɗaya ne, Pak. A samo mana mai ganga mai kunne."

Ngadiyo ya ɗago kai a hankali. Karo na farko ke nan cikin shekara goma sha tara da ya yi masa magana. "Kai da kake aiko mini gaisuwa duk mako? Kai da kiɗana ke ratsawa?"

"Ni? Na gaishe ka? Da wane bakin? Ai kai ne ka aiko kana ba ni haƙuri tun shekarar da abin ya faru, na ce a bar ka da halinka."

"Na ba ka haƙuri? Allah ya kiyaye!"

Sai duk suka juyo gare ta. Ngadiyo bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Yu," ya ce, "ashe shekara goma sha tara ina shan shayinki kina mayar da ni yaro."

Ya tashi ya naɗe gangarsa a zane, ya saɓa a kafaɗa. Makaɗan tara suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗan rusuna wa baƙi yadda aka koya masa, suka bi bayansa. Tukijan ya fita ta ɗaya ƙofar, ko takalminsa bai tsaya sawa ba.

Jami'in ya yi gyaran murya, ya ce ai saɓani alama ce ta taro mai rai. Ya miƙo mata takardar halarta da biro.

"Sa hannu a nan, Bu, wurin shugabar zaure. Ki haɗa har da digirin a bayan sunan."

Ta karɓi biron. Cikin fushi ta rubuta sunan da digirin duka, ba ta rage harafi ko ɗaya ba.