Faya-fayan Lawali

Ƙas-ƙas ɗin wani faifan CD da iska ke bugawa jikin igiyar shanya ne ya sa na ɗauki alƙalami yau. Shekara biyar ke nan da Allah Ya yi wa ƙanena Lawali rasuwa, kuma faifan nan nasa ne.

Mutanen Konni sun san shi da gyaran ordinata, wato kwamfuta, a wani ɗan shago kusa da tasha. Manhajar kyauta kaɗai yake sa wa mutane, irin wadda masu ita suka yarda kowa ya kwafa. Ta sata da ake shigowa da ita ta kan iyaka kuwa, ko taɓa ta ba ya yi. Cewa yake haƙƙin wani ne. In ya ba ka faifai, sharaɗi ɗaya gare shi: ka kwafa ka ba wani. Ina yi masa tsiya, in ce, "Kai dai sadakarka ba ta cika ciki." Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan ita ce mai gudana."

Da ya rasu, ɗiyarsa Hadiza tana goye. Abin da ya bar mata shi ne karatun ƙananan surori da ya naɗa da muryarsa cikin tsohuwar ordinata da ke ɗakina. Bara na'urar ta lalace. Aka gyara, muryar tana ciki, amma manhajar buɗe ta ta tafi. Na je shagon intanet neman manhajar da yara ke amfani da ita a da, mai wurin ya ce ta daina zama kyauta, sai da katin banki irin na Turai. Wa ke da shi a unguwarmu? Na ce to a duba faya-fayan Lawali. Ashe kawunmu na Dogarawa ya kwashe su tun bayan sadakar arba'in, ya rataye a gona suna ƙyalli suna korar tsuntsaye. Guda ɗaya ya rage, rana ta riga ta cinye shi. Shi ne a igiyata.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, abin da aka ba mu jiya ana rufe shi da kwaɗo. Ina jin ba zai yi fushi ba. Zai gyara zama ne ya nemo wata manhajar.

Haka kuwa aka yi, ko da ba shi. Na yi ta cigiya ta bakin masu kabu-kabu, har wata malamar lakwal, wato makarantar boko, daga Illela ta aiko da faifai. Wani a Malbaza ya kwafa mata, shi ma daga hannun Lawali ya samu. Ta ƙara da sababbin manhajojin da har yanzu masu su ba su rufe ba. Allah Ya saka musu, su da ba mu san ko sunansu ba.

Shagonsa ya zama na mai sai da taya. Sharaɗinsa ne ya rage, yana ta yawo a motocin ƙauye. Allah Ya jiƙan ka, Lawali, Ya sa sadakarka ta ci gaba da gudana.

Ranar da muka kunna, Hadiza ta zauna tana sauraron karatun babanta har ya kai surar Nasi. A ƙarshe muka ji ya yi gyaran murya ya ce, "Wanda ya ji, ya ba wani." Ta ɗago ta dube ni.

"Gwaggo, to mu wa za mu ba?"