Wanda Ke Riƙe da Igiya

Mai haƙar rijiya ne, ana ce masa Dogo don tsokana, domin ko kafaɗar matarsa bai kai ba. Sana'arsu ta mutum biyu ce. Ɗaya yana ƙasa da diga, ɗaya yana sama yana jawo guga cike da ƙasa. Idan iska ta ɓaci a can ciki, ƙirji ya fara nauyi, sai na ƙasa ya girgiza igiya, na sama ya fito da shi ba tambaya.

Tun rasuwar mahaifinsu Dogo ke shiga rami, ƙanensa ke riƙe igiya. Ƙanen magidanci ne mai 'ya'ya, ga ƙarfi ga fara'a. A wuraren gini ya koyi ƙwaya, inda leburori ke miƙa wa juna ita kamar alewa, wai maganin gajiya. Gajiyar ba ta tafi ba, hankalin ne ya fara tafiya.

Wata rana Dogo ya girgiza igiya har hannunsa ya mutu, shiru. Matar gidan da suke wa aiki ce ta kira maƙwabta aka zaro shi. Ya tarar da ƙanen zaune, ido buɗe, yawu na dalala, igiya a cinyarsa.

Ya rantse sun raba hanya. Mahaifiyarsu ta ce, "In ka kore shi, wa zai ɗauke shi? Cikinku ɗaya fa."

Dogo yana tsoron ramin yanzu, yana kuma son ɗan'uwansa. Sai ya yi dabarar da a ganinsa ta raba gardama: shi ya dawo sama, ƙanen ya shiga.

"Ni ba na gyangyaɗi," ya ce. "Da ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, girgiza kawai."

"To, Yaya."

Aka yi watanni lafiya, har Dogo ya fara yaba wa kansa. Abin da bai kawo a ransa ba shi ne, wanda ya sha ƙwaya jikinsa ba ya gaya masa gaskiya.

Ran nan da rana tsaka ƙarar diga ta fara ja baya. Dogo ya leƙa ya ce, "Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Yaya," in ji ƙanen, har da 'yar dariya.

Diga ta yi shiru. Dogo ya ɗauka hutawa yake yi, ya zauna da igiya a tafin hannu yana jiran motsinta, kamar yadda aka koya masa tun yana yaro. Ko da ya gane, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sa aka zura shi, sai gawa ya ɗauko.

Bayan masu gaisuwa sun watse, tsohuwarsu ta kira shi ɗakinta.

"Ya girgiza maka?"

"Bai girgiza ba, Inna."

Ta daɗe tana kallon hannuwansa. "To kai da ke da hankali, me ka tsaya jira?"